Kwalbar da Inasio Furtado Ya Jefa Rijiya

Ranar Talata, takwas ga watan Yuli, da hantsi, ina tsaye a ƙofar shagona a kasuwar Kepem ina faɗa da mai kawo kifi, sai ga mai burodin ƙauyen Kazumol ya jingine kekensa ya cire hula. Mutumin da kullum tun daga kan gada yake matsa hon, ranar bai matsa ba. Ya ce, "Sokorina, Inasio Furtado ya rasu." Na ce wane Inasio? Kamar akwai biyu. Ya ce da sassafe matarsa ta kai masa shayi ta tarar ya riga ya tafi, yana kwance a gefensa na dama yadda ya saba. Na zauna a kan akwatin kwalabe. Mai kifi ya ɗauki kwandonsa ya wuce, ban ƙara bi ta kansa ba.

Wanda ya ara mana kai ya karɓi abinsa, Kumpar, ba mu da ta cewa. Kumpar nake kiranka, kai kuma ka kira ni Kumar, tun ranar da na riƙe 'yarka Perpetua a gaban Fada aka yi mata baftisma, na zama uwarta ta coci. Daga ranar zuwa yau ban tuna zaman da muka yi muka tashi ba gardama ba. Iyalinka sun ce in rubuta abin da za a karanta a addu'ar cika wata, wai a wajen gida ni na fi kowa saninka. Na zauna in rubuta da muryar makoki, abin ya ƙi. Duk inda na kamo ka sai in tarar kana ihu, ko kana dariya, ko kana tsaye a bakin rijiya da rawanin furanni a karkace. To haka zan rubuta ka, wanda bai ji daɗi ba ya yi haƙuri.

Kai mai dafa feni ne, ɗan mai dafa feni, jikan mai dafa feni. Duk wanda ya sha barasar yazawa ta gaskiya a yankin nan namu ya san tudun Kazumol, ya san rumfar ganyen kwakwa da ke bayan gidanka, ya san babbar tukunyar jan ƙarfen da ubanka ya sa aka ƙera, wadda mutum biyu za su zauna a cikinta su sake. Ku tattake yazawa da ƙafa a kwarmin dutse, ruwan ya zauna a randuna har ya tashi, a juye a tukunya, a liƙe bakinta da ƙasar suri da tsumma, a hura wuta. Ƙa'idarka ɗaya ce, kuma ka dame mu da ita har muka haddace: ba a tsinkar yazawa daga bishiya. Sai wadda ta nuna ta faɗo da kanta ake tsinta, da sanda mai ƙusa a baki. Ina nan ranar da ka kama wani sabon ma'aikaci yana girgiza reshe. Ba ka zage shi ba, ba ka kore shi ba. Kwandon gaba ɗaya ka juye wa aladu, ka sa shi ya tsaya ya kalli yadda suke ci, sannan ka ja shi cikin gida, matarka Remediana ta zuba muku shinkafa da miyar kifi, kuka ci a tebur ɗaya. Mutumin nan har bara yana zuwa maka aiki.

Shekarar da mijina ya mutu ya bar min shagon giya da yara uku, ban san bambancin feni mai kyau da ruwan wanke kofi ba. Masu kawo kaya suka gane haka, suka yi ta sauke min abin da suka ga dama. Kai ne ka shigo wata safiya da tulun gilashi a kafaɗa, ka ɗanɗana abin da nake sayarwa, ka tofar a ƙofar shagon a gaban mutane. Na ce, "Kumpar, wulaƙanta ni ka zo yi?" Ka ce, "Kawo kofi, ki ɗan rufe bakin nan naki, in zai rufu." Ka ɗaga hannu sama ka tsiyayo, ka nuna min kumfar da ke taruwa a gefen kofi, yadda ta mai kyau take tsayawa jere, ta banza kuma take mutuwa nan take. Ka watsa kaɗan a murhuna, wuta ta yi tsalle. Ka yi ta zuwa duk ranar kasuwa har sai da hancina ya waye, kuma daga nan babu wanda ya ƙara yi min wannan wasa. Da shagon nan yarana uku suka yi karatu. Ban taɓa yi maka godiya da baki ba, don na san abin da za ka mayar min.

Ba ni kaɗai ba ce. Daminar da iska ta kwashe rufin maƙwabcinka Shambu, ganyen rumfarka ka kwance ka rufa masa, tukunyarka ta sha ruwan sama har aka saƙa wani. Yaran da ke bi ta gonarka daga makaranta lokacin yazawa kuwa, babu wanda ya isa gida bai sha ruwan zaƙin nan na matsar ƙarshe ba, kana ba su kana yi musu faɗa wai sun tattake maka ciyawa.

Sai Perpetua ta dawo daga Bangalor, inda ta yi shekaru tana haɗa abin sha a wani otal. Ta dawo da 'yar tukunyar jan ƙarfe wadda ba ta fi tulun ruwa ba, da buhun wasu 'ya'yan itace baƙaƙe ƙanana masu kama da masoro, junifa, waɗanda ake tsinta a duwatsun Himalaya. Ta ce irin giyar nan ta Turawa da ake kira jin za ta yi da su.

Ba zan manta ranar da na fara zuwa ganin abin ba. Na hau motar safe, na sauka a gindin gicciyen mahaɗa, na haura tudun ina haki ina zagin gwiwoyina. Tun ban kai gidan ba wani ƙamshi ya tare ni wanda ban taɓa ji a Kazumol ba, ƙamshin itacen dutse da ɓawon lemo, mai sanyi, mai shiga har cikin kai. Tsohon ɗakin aladu yarinyar nan ta wanke, ta shafe da farar ƙasa, ta kafa tukunyarta a ciki. A kan tabarma an baza masoron da ke hawa bishiyar mangwaron gidan, da kirfa, da ɓawon lemon tsami, da yankakken ɗanyen mangwaro. Remediana na zaune a dokin ƙofa tana liƙa takardun suna a jikin kwalabe da kunun shinkafa, tana yi tana addu'a ƙasa-ƙasa, duk wadda ta karkace ta ɓare ta sake. Tururi ya bi bututu, ya ratsa randar ruwan rijiya, ya fito ɗigo-ɗigo, garau. Perpetua ta tara min a cokali, ta kira ni da sunan uwar coci yadda ta saba, ta ce, "Madrin, faɗa min gaskiya, kada ki ji tausayina." Na sha. Kai! Na ce a ƙara. Shekara nawa ina sayar da giya, ban san akwai wadda za ta sa in yi shiru ba, ranar na yi shiru. Sannan na fito tsakar gida ina ƙwala kiran sunanka kamar gobara ta tashi.

Kana ina? Kana zaune ƙarƙashin rumfarka, ka juya wa ɗakin baya, kana goge tukunyar da ba ta da datti. Na ce, "Taso ka sha abin da 'yarka ta yi!" Ka ce, "Ni ba na shan turare. In ina son ƙamshi na san hanyar shagon mai aski."

Aikin feni na wata uku ne, daga Maris zuwa Mayu. Da yazawa ta ƙare, babbar tukunya sai ta kwanta har wata shekara. Perpetua ta roƙe ka sau ɗaya, a gaban uwarta, ka bar mata ita a watannin da take kwance. Ka ce a'a. Ka ce jan ƙarfe yana da riƙo, man junifa zai shiga jikinsa ya zauna, feni na baɗi ya fito yana ƙamshin sabulu, sunan ubanka ya zube. Ta ce za ta wanke. Ka ce akwai abin da ba ya wankuwa. Ba ta ƙara roƙo ba, don ita ma Furtado ce.

Abin dariya, kai ne kuma ka fi kowa tallata ta. Da labarin ya bazu, baƙi suka fara hawo tudun ranar Asabar, 'yan Bombay da 'yan Bangalor da fararen takalmansu, wai sun zo ganin inda ake yin giyar jin a ɗakin aladu. Wa ke tarbarsu a ƙofa? Kai, da singileti da tawul a kafaɗa. Ka zaga da su gonar yazawa, ka nuna musu kwarmin dutse, ka bugi babbar tukunya da tafin hannu su ji amonta, sannan ka kai su ƙofar ɗakin Perpetua ka tsaya daga waje ka ce, "Nan kuma ake yin maganin sauro. Ku shiga, 'yata ce, tana da kirki, ba laifinta ba ne." Su yi ta dariya suna ɗaukarka hoto, su fito da kwalabe a hammata. Wata Asabar ina nan wani saurayi mai gemu ya ɗanɗana ya yatsina fuska, ya ce ya sha wadda ta fi wannan a wani wuri. Wayyo! Ka karɓe kofin daga hannunsa, ka raka shi har mota kana gaya masa abubuwan da ba zan rubuta a takardar coci ba. Da ka dawo na ce, "Ai na ɗauka maganin sauro ne." Ka ce, "Ni ne ubanta, ni kaɗai ke da izinin faɗa."

Muna dariya, amma gidan yana neman rufewa. 'Yar tukunyar nan ko wuni aka yi ana hura ta ba za ta ciyar da mutum uku ba, masu shagunan birnin Panjim da ke son kayan kuma sun gaji da jin sai wata mai zuwa. Shekara huɗu yarinyar tana fama. Ɗanka Agnelo, wanda ke Swindon a Ingila kamar rabin samarin ƙauyen nan, ya daɗe yana kiranta ta zo, akwai aiki a wani babban sito, akwai ɗaki. Bana ta amsa. Fasfonta na Fotugal, irin wanda mutanen nan ke fita Turai da shi tun da Fotugal ta taɓa mulkinmu, ya fito, aka sa tafiya ƙarshen Yuli. Kowa ya san ma'anar haka. Kai gwiwa ta ƙare, numfashi ya fara gajarta. In Perpetua ta sauka daga tudun nan da akwati, wutar rumfar Furtado ta mutu ke nan, feni da giyar jin gaba ɗaya, gidan ya bi sahun waɗanda muke wucewa da kwaɗo a ƙofa da ciyawa a rufi.

Na hau tudun musamman don in yi maka tas. Na same ka kana gyaran rufin rumfa kafin damina. Na ce, "Kai wane irin mutum ne? Buɗe baki ka ce mata ta zauna! Kalma ɗaya ce, ba za ta kashe ka ba." Ka ƙarasa ɗaure ganyen da ke hannunka. Sannan ka ce, "Kumar, in na ce ta zauna, za ta zauna, na san 'yata. Ta zauna don tsoho ya roƙe ta, wata rana ta dubi kabarina da haushi. Ni ban taɓa girgiza reshe ba." Na ce, "To 'yarka ba yazawa ba ce, kuma jirgi ba zai tsaya jiranku ba!" Na bar ka ko shayi ban sha ba. Na shiga wurinta na ce ta sake roƙon tukunyar. Ta ce, "Madrin, Baba ko ɗanɗana abin bai taɓa yi ba. Me zan roƙa?" Na sauko daga tudun nan ina magana ni kaɗai, har mai mota ya tambaye ni ko lafiya.

Sai ranar Sanjuwan, ashirin da huɗu ga Yuni, bikin Yohanna Mai Baftisma. Damina ta zauna sosai bana, rijiyoyi sun tumbatsa, ruwa na zuba tun safe. Na zo ne da niyyar in yi sallama da 'yata ta coci, in ci ƙullin shinkafa da kwakwa da Remediana ke turarawa a ganyen gangamau, in koma. Da rana tsaka muka ji gangunan tukunya suna hawo tudun, samarin ƙauye ƙirji a buɗe, kowa da rawanin furanni da ganye, suna ihun "Biba Sanjuwan!", wato ran Sanjuwan ya daɗe. Al'adar tana nan yadda muka taso muka gani: gidan da aka samu ƙaruwa a shekarar, jariri ko ango ko amarya, shi ke jefa kwalba a rijiyarsa, samari su faɗa su ciro, a sha a yi wa sabon zuwa fatan alheri. Gidanka rabonsa da jefa kwalba tun auren Agnelo. Kowace shekara sai dai su tsaya a ƙofa ka tsiyaya musu feni su wuce.

Bana ka fito tsakiyar ruwan sama ka ɗaga hannu, ganguna suka tsaya. Ka zare rawanin furanni daga kan Kaitan, babban samarin, ka ɗora a naka. Ka juya ka nufi ɗakin aladu, ɗakin da ba ka taɓa tsallaka dokin ƙofarsa ba tun da aka shafe shi, ka shiga. Remediana ta kama hannuna ta matse har sai da na ji zafi. Ka fito da kwalbar giyar jin guda a hannu, ka tsaya a bakin rijiyar da kakanka ya haƙa. Kaitan ya ce, "Kawu Inasio, ai babu jariri a gidan nan, babu ango." Ka ce, "Akwai ƙaruwa. 'Yata ta yi wannan da hannunta, da ruwan rijiyar nan, da masoron gidan nan. Na makara, to ga shi." Ka wurga. Ihun da aka yi, na rantse an ji shi a Kepem. Ni da waɗannan gwiwoyin nawa sai da na yi tsalle. Perpetua na tsaye a baranda da ludayi a hannu, baki buɗe.

Samari suka yi ta faɗawa, tsundum, tsundum. Suka fito hannu wofi. Suka sake nutsewa, suka sake fitowa. A nan muka gane abin da babu wanda ya yi tunaninsa a cikinmu. Duk kwalbar da aka taɓa jefawa a rijiyar Kazumol tsohuwar kwalbar feni ce, koriya ko mai ruwan ƙasa, ido na kama ta ko a ruwan damina. Ta Perpetua gilashi ne garau mai nauyin gindi, cike da abu garau har wuya. Takardar sunan kuma da kunun shinkafa aka liƙa ta, ta saɓule ta taso sama ita kaɗai tana yawo. Ruwa ka jefa a cikin ruwa, Kumpar! Ganguna suka yi sanyi. In kwalbar ƙaruwa ta kwana a rijiya, kowa ya san abin da tsofaffin mata za su ce a kai, kuma na ga biyu daga cikinsu sun fara haɗa kai. Na dubi Perpetua na ga fuskarta ta rufe. Ta juya za ta shige ɗaki.

Ban ga lokacin da ka cire singileti ba. Ihun Remediana kawai na ji, "Inasio, kada ka soma!" sai ƙarar ruwa. Mutum mai shekara saba'in da shida, wanda likita ya hana hawa tsani! Rawanin furanni ya taso, kai ba ka taso ba. Muka kewaye rijiyar muna leƙe, ruwan sama na dukan bayanmu, ba a ganin komai sai kumfa. Samarin da ke ciki suka rikice, kowa na nutsewa inda ya ga dama. Ni na manta duk addu'ar da na iya, sunanka kawai nake kira ina haɗawa da zagi. Sai wani abu ya gifta ta gefena da gudu. Perpetua ce, da rigar bikinta, da takalmi a ƙafa. A Kazumol mace ba ta faɗa rijiyar Sanjuwan, ba a taɓa yi ba. Ba ta tambayi kowa ba.

Tare kuka fito. Ita ta riƙo ka ta wuya da hannu ɗaya tana laluben igiyar guga da ɗayan, kai kuma hannunka na dama a sama, riƙe da kwalba. Ya Allah, wannan rana! Ganguna suka ɓarke, tsofaffin matan nan biyu su suka fara rawa, Kaitan yana kuka yana dariya, Remediana tana dukanka da tawul tana goge ka da shi. Aka zaunar da kai a dakalin rijiya kana tari. Da numfashi ya dawo, abin da ka fara cewa shi ne, "Wane mahaukaci ne ke yin kwalba marar launi?" Perpetua, ruwa na zuba daga gashinta, ta ce, "Wane mahaukaci ne ke bin ta?" Ka cire murfin da haƙori, ka ɗaga hannu ka tsiyaya a ƙoƙon kwakwa, ka duba kumfa, ka shinshina, ka sha. Ka juya ta a baki kamar mai neman laifi, ka haɗiye. Ka ce, "Masoro ya yi yawa." Ka miƙa ƙoƙon a ƙara. Sannan ba tare da ka dube ta ba ka ce, "Tukunyar tana nan. Mai so ya hura."

Iyakar abin da ka ce ke nan. Ko a ranar ba ka ce ta zauna ba, ita ma ba ta ce ta fasa tafiya ba. Akwatinta na nan a buɗe a ɗaki, rabi cike, ranar tafiya na nan yadda aka sa ta. Da zan tafi da yamma ka raka ni har gindin gicciye, kana tafiya kana tsayawa. Na ce, "Ka kusa kashe mu yau, tsohon banza." Ka ce, "Kumar, tun kafin bikin Ista likitan Margao ya gaya min zuciyar nan ba za ta ga yazawar baɗi ba. Remediana ta sani, yaran ba su sani ba. In waccan ta ji, tausayi ne zai zaunar da ita." Ka sa na yi alkawari ba zan faɗa ba muddin kana da rai. Na riƙe, kuma Allah ya sani riƙe magana ba sana'ata ba ce. Yau na faɗa a gaban kowa, saboda masu cewa rijiya ce ta kashe ka, kuma saboda yarinyar da ta ji suna faɗa. Perpetua, ki ji ni da kyau, ba kwalbarki ce ta ɗauke ubanki ba. Ya san inda za shi tun kafin damina ta sauka, ya zaɓi abin da zai yi da ragowar numfashinsa.

Mun binne ka bayan Agnelo ya iso, da masu busa ƙaho a gaba yadda kake so. Tun da ka cika ba a hura wuta a gidan ba, kamar yadda aka saba har sai an kai mamaci, maƙwabta ke shigo da abinci. Da aka dawo daga maƙabarta Agnelo ya zaunar da mu. Cikin hankali ya yi magana, mutumin kirki ne. Ya ce zai tafi da uwarsa da ƙanwarsa, a rufe gidan, a kai tukunyar ajiya wurin dangi. Babu wanda ya musa masa. Perpetua ta ce ta gaji, ta shige ɗaki. Na kwana a gidan raina a ɓace, ina jin haushinka, ina jin haushinta, ina cewa ga taurin kai ya cinye rumfar mutum uku.

Da gari ya waye hayaƙi ne ya tashe ni. Na ɗauka Remediana ce ta ɗora shayi. Na leƙa madafa, murhu a sanyaye. Na zagaya wajen rumfa ba takalmi. Kumpar, wutar farko da aka hura a gidanka bayan tafiyarka, ƙarƙashin babbar tukunyarka aka hura ta! Perpetua na durƙushe, laka har gwiwar hannu, ta liƙe bakin tukunyar da ƙasar suri da tsumma, tana bin inda tururi ke neman fita tana toshewa da yatsa yadda kake yi. Ƙamshin junifa ya cika rumfar ubanka.

Na tsaya ina kallon tulin lakar da take gutsura. Ƙasar suri ba a haƙo ta da safe a liƙa da safe. Sai an jiƙa ta, an tattake, an rufe ta ta kwanta kwana da kwanaki. Na ce, "Yaushe kika haƙo wannan?" Ta ce, "Washegarin Sanjuwan." Ba ta ɗago ba. Ta ce, "So nake in miƙa masa ta farko a hannunsa, Madrin, shi ya sa ban gaya masa ba. Ya tafi bai sani ba."

Remediana ce ta amsa daga bayanmu, tana tsaye da baƙar rigarta. Ta ce, "Wa ya ce miki? Ranar Litinin da yamma ya zagayo nan ya ɗaga buhun da kika rufe ta da shi. Ya danna yatsa, ya ce ruwa ya yi mata yawa. Ya shigo ya ci shinkafa faranti biyu, yana ci yana murmushi shi kaɗai. Na tambaye shi ya ce in ƙyale shi." Ta sunkuya ta yaye ragowar buhun. Perpetua ba ta kai ga wannan gefen ba tukuna. Shatin babban yatsanka na nan a jikin lakar, ya shiga sosai.

Mun yi kuka a rumfar nan fiye da wanda muka yi a maƙabarta. Agnelo ya fito ya same mu a haka, ya dubi wutar, ya dubi lakar, ya daɗe a tsaye. Sannan ya tuɓe rigarsa ya rataye a jikin ginshiƙi, ya tafi ɗebo itace. Da ɗigon farko ya sauko Perpetua ta tara a ƙoƙo ta watsa a wuta, wuta ta yi tsalle har ta lashi gindin tukunya. Na biyu ta miƙo min. Na sha, na tambaye ta ko ta rage masoron. Ta ce ko ƙwaya ɗaya ba ta rage ba.

Allah ya jiƙanka, Inasio Furtado. Ya gafarta maka kurakuranka, da taurin kanka, da zagin da ka yi wa bayinsa masu gemu da marasa gemu. Ya saka maka alherin da ka yi wa gwauruwa mai yara uku, da maƙwabcin da rufinsa ya tafi, da duk wanda ya hau tudun nan da yunwa ya sauka a ƙoshe. Ya ba ka hutawa a inda babu tari, babu ciwon gwiwa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Remediana, wadda ta ɗauki wannan magana a cikinta tun kafin Ista tana liƙa takardu tana addu'a, da Agnelo da matarsa da 'ya'yansu a Swindon, da ma'aikatan gonarka, da mutanen Kazumol baki ɗaya. Ke kuma Perpetua, 'yata, Allah ya ƙarfafa hannunki, ya sa albarka a abin da kika zaɓa da kanki. Mu da muka rage, Allah ya ba mu haƙuri, in tamu ta zo ya sa mu cika da kyau.

Lakar da ke da yatsanka ba a liƙa ta ba, Kumpar. Remediana ta yanke wurin da wuƙa, ta shanya, ta ajiye a gaban hotonka kusa da fitila. Akwatin kuma an kwashe kayan cikinsa an mayar da shi saman kabad. Ranar Asabar da ta wuce na hau tudun, baƙi sun cika rumfar, wuta na ci ƙarƙashin tukunyarka.